Kujerar Abu Suhaib a Filin Harabnisa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a wannan yammaci, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon da muke zaune a maƙwabtakarsa.

Mai girma Umda, mai unguwarmu. Malam Shittu, malaminmu kuma limaminmu. Dattawan Bani Harisa da na Anbariyya. Ustaz Ammar da 'yan'uwansa ɗaliban jami'a. Hajiya Tasallah, Ummu Suhaib, da matan da ke tare da ita a bayan labule. 'Ya'yanmu Suhaib da Raudatu. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wanda bai san ni ba, ni ne Yahya, Abu Nadiya, tsohon direban bas ɗin alhazai a Bi'ir Ali. Ni ba malami ba ne. An ce in yi magana ne don ni ne maƙwabcin marigayi Injiniya Ja'afaru Ɗan'inna, Abu Suhaib, na shekara talatin da takwas, katanga ɗaya tsakaninmu, kuma duk Madina babu kunnen da ya sha labarinsa kamar nawa. Akwai kuma amanar da ya bar mini, wadda zan faɗa muku yadda ta ƙare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kasance mutumin Gusau, ya zo aikin Hajji a 1984, Madina ta riƙe shi, ya sami aikin gyaran injinan ruwa a gonakin dabino. Ya kasance in firijin ruwan masallaci ya lalace, ba a neman kamfani, Abu Suhaib ake aika wa, ya zo da akwatin kayan aikinsa ya gyara ya tafi, ko shayi ba ya tsayawa sha. Ya kasance duk ɗalibin da ya sauka daga Najeriya bai san inda ake sabunta iƙama, takardar izinin zama, ba, shi ke riƙe hannunsa ofis zuwa ofis. Ustaz Ammar na nan, ga shi yana gyaɗa kai.

Kuma, ya jama'a, ya kasance ɗan Harabnisa.

Na ji dariyarku. To, saboda baƙi, bari in warware. Kafin ya zo nan, gwamnati ta tura shi karatun injiniya a ƙasar Sulobakiya, a zamanin da take haɗe da maƙwabciyarta. Aka kai shi koyon aiki a masana'antar katako, a wani ɗan gari cikin duwatsu. Sunan garin sai an murɗe harshe. Mu dai Harabnisa muke cewa, shi kuma ya gaji da gyara mana. Garin yana da ƙungiyar ƙwallo wadda masu yankan katako suka kafa a 1921, kuma tun daga ranar da na san Ja'afaru har ranar da muka rabu, babu Lahadin da bai ba mu sakamakon wasansu ba. Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Da farko wasiƙa ce take zuwa bayan wata guda, sai ya shigo majalisa fuska a sake ya ce, "Mun ci biyu da ɗaya!" Mu ce yaushe? Ya ce watan jiya. Da jawwal, wayar hannu, ta zo kuwa, halas, hutunmu ya ƙare.

Har tarihinsu ya koya mana ba mu so. Sau shida ƙungiyar nan tana canza suna. Duk gwamnatin da ta hau ko masana'antar da ta ɗauki nauyinsu sai ta raɗa musu sabo, su kuma su ci gaba da shan kashi da tsohon hali. Yaƙi ya watsa 'yan wasansu, waɗanda suka dawo suka sake haɗa ta. Kogi ya yi ambaliya ya kwashe ragar fili har da turakunta, mutanen gari suka tsinto su a gonar wani. Masana'antar ta rufe, samari suka gudu birni, ƙungiyar ta yi ta gangarowa rukuni bayan rukuni har ta zo inda ba sauran wurin gangarawa. Amma ba su taɓa rufe filin ba. Abu Suhaib yakan ce, "Yahya, ƙungiyar da take cin kofi kowa ma zai so ta. Waɗannan shekara ɗari suna faɗuwa suna tashi suna kakkaɓe wando."

Shekara ɗaya tak suka taɓa hawa rukuni na biyu na ƙasar, 1978, kuma ƙwallon da ta hau da su Ja'afaru ne ya ci. Wannan kam mun ji shi ya fi sau dubu. Da na fara saninsa, daga taku goma ya buga ta. Da aka haifi Raudatu ta koma taku ashirin. Bara, a wannan istiraha, gidan taron da muke zaune, na ji shi da kunnena yana gaya wa ɗalibai daga tsakiyar fili ya ɗaga ta. Sai bayan rasuwarsa abokinsa Ondrej, mai tsaron ragarsu na wancan zamani, ya ba mu gaskiyar magana: ƙeyarsa ƙwallon ta buga yana waiwaye, ta faɗa raga, shi ne ma na ƙarshe da ya san an ci. Allah Ya jiƙanka, Abu Suhaib, ka sha mu da yawa.

Amma ba ƙwallon ce ta ɗaure shi da mutanen nan ba. Shekara biyar ya yi a cikinsu, shi kaɗai baƙar fata, shi kaɗai Musulmi. Mahaifiyar Ondrej ta saya masa tukunya daban, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a dafa alade a ciki. In lokacin salla ya yi ana atisaye, sai su zauna a ciyawa su jira shi ya idar. Da azumi ya faɗo a watannin da rana ba ta son faɗuwa, kyaftin ɗinsu ya mayar da atisaye bayan buɗa baki, mutum ashirin suka canza lokacin cin abincinsu saboda mutum ɗaya. In yana ba da wannan labarin, ba ya ƙara ko taku ɗaya.

To ga inda amanar take. Mutanen Harabnisa suna da al'ada tun farkon ƙungiyar. In wanda ya taɓa buga musu wasa ya mutu, iyalinsa sukan kawo dunƙulen ƙasa daga kabarinsa a watsa a bakin raga, sannan a rubuta sunansa da farin fenti a jikin kujera ɗaya ta rumfar 'yan kallo. In ba ƙasa, ba suna. Kujera ɗari biyu da goma sha biyu suka rubuta a haka, ba su taɓa karya ƙa'idar ba ko sau ɗaya.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je duba shi a asibiti. Ya jawo hannuna ya ce, "Abu Nadiya, kada ka bari a bar kujerata ba suna. Mutanen nan sun riƙe ni da mutunci, ina so in zauna a cikinsu."

Na ce, "Ja'afaru, in sha Allahu maƙabartar Baƙi'a za a kai ka. Ta ina zan fitar da ƙasa?"

Ya ce, "Kai direba ne, ka san hanyoyi."

Na ce masa na ɗauka. Alkawari kuwa kaya ne.

Ranar jana'iza, bayan La'asar, muka sa shi a makwancinsa. Kowa ya zuba ƙasa sau uku yadda aka saba. Ni ma na zuba uku. Ta huɗun kuwa, Allah Ya yafe mini, aljihun jallabiyata ta nufa. Na ɗauka ba wanda ya gani. Muna isa ƙofa sai na ji an dafa kafaɗata. Malam Shittu ne.

Ya ce, "Ya Abu Nadiya, me ke cikin aljihun nan?"

Na ce, "Dabino ne, Malam."

Ya ce, "Dabinon da yake zuba ta ɗinki?"

Na duba, ashe farar jallabiya ta tona mini asiri, jan layi tun daga aljihu har gwiwa. Na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba, Allah Ya saka masa. Ya ce, "Niyyarka ta zumunci ce, amma ƙasar nan ba tamu ba ce balle mu yi kyauta da ita. Sahabbai ne kwance a cikinta. Koma ka mayar."

Na koma. Kun san Baƙi'a: ba allo, ba suna, dutse ne kawai a kan kowa. A ɗan lokacin nan an riga an rufe wasu mutum uku a layin. Na tsaya da ƙasa a tafin hannu, ina duba nan ina duba can, wallahi na kasa gane wanne ne na abokina na shekara talatin da takwas. A tsakaninsu na zuba ta. Tun da aka ce mini ya cika ban yi kuka ba sai a wurin nan.

Mako biyu ban iya haɗa ido da Suhaib ba. Sai saƙon Ondrej ya iso jawwal ɗin marigayi, yana ta'aziyya, yana cewa fenti na nan a shirye, ƙasa kawai suke jira. Suhaib ya karanta ya ce, "Mustahil, ya Ammi," wato ba zai yiwu ba, Baffa. Raudatu ce ta ce a gaya musu gaskiya. Ta zauna da manhajar fassara, ina faɗa da Hausa, tana juyawa Larabci, waya tana juyawa yarensu. Allah kaɗai Ya san abin da ya isa can. Abin da na faɗa dai shi ne: a inda Ja'afaru yake kwance ba a rubuta sunan kowa, attajiri da direba duk dutse ɗaya ne, ƙasar wurin kuma ba ta fita, na gwada, an kama ni, laifin nawa ne, ba nasa ba.

Muka yi ta jira. Lahadi ta wuce, wata ta wuce. Daga baya muka ji kwamitinsu na tsofaffi bakwai ne suke ta gardama a ɗakin canza kaya. Wasu suka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, in aka karya wa ɗaya an karya wa ɗari biyu. Wasu suka ce mutumin da ya hau da su rukuni na biyu, ko da ƙeya ne, ba a barinsa a tsaye.

Ranar Litinin da ta wuce hoto ya iso. Layin kujeru koraye, kowacce da farin suna. A tsakiyarsu, daidai gefen inda Ondrej yake zama, ga guda ɗaya an shafa mata sabon fenti, ba harafi ko ɗaya a jikinta. A ƙasan hoton tsohon ya rubuta: "Ba mu karya ƙa'idarmu ba, ba mu karya taku ba. Tunda kabarinsa ba suna, kujerarsa ma haka za ta zauna. Ta ɗari biyu da sha uku ce, tasa ce, ba mai zama a kai."

Ya ce a wasan Lahadi, kwana ɗaya kafin hoton ya iso, alƙalin wasa baƙo ne, ya tambayi ta wa ce wannan da aka manta ba a rubuta ba. Matar da ke sayar da shayi ta fara ba shi labari, wani tsoho ya katse ta ya ce ba haka aka yi ba, wani ya ce shi yana wurin ranar, har aka makara da fara wasa. Sauran ɗari biyu da sha biyun, in ji Ondrej, mutane wuce su suke yi ba sa karantawa. Wannan kuwa duk wanda ya shigo sai ya tambaya. An ci su uku da nema, kamar yadda aka saba.

Ummu Suhaib, gare ki nake magana yanzu. Mijinki ya ce kada in bari a bar kujerarsa ba suna, ga shi an bar ta ba suna. Na kasa. Na aika Raudatu da hoton ta nuna miki, ina jiran hukuncinki, kuma da izininki zan faɗa wa jama'a abin da kika aiko mini. Jama'a, cewa ta yi, "Ku gaya wa Abu Nadiya ya daina sunkuyar da kai. Mutumin da ya shekara arba'in yana cika mana kunne da labarinsu, ai adalci ne yanzu su ma su cika wa juna kunne da nasa."

Hajiya, na gode. Kin sauke mini abin da ya fi ƙarfin kafaɗata.

Suhaib, Raudatu, ku ji ni. Mahaifinku bai bar muku gidaje ba, amma ya bar muku mutane a nahiya uku. Ku riƙe lambar tsohon nan, ku riƙa gaishe shi. In kun amsa mana da Larabci ba komai, mun saba, amma zumuncin nan kada ku bari ya yanke a hannunku.

Muna godiya ga Umda da ya ba mu lokacinsa, ga Malam Shittu da idonsa mai kaifi, ga ɗaliban da suka shimfiɗa wurin nan, ga matan da suka dafa abin da ƙamshinsa yake ta katse mini tunani tun ɗazu.

Ya Allah, mu mun tsaya a Baƙi'a mun kasa gane makwancin bawanKa Ja'afaru, amma Kai ba Ka buƙatar allo ko fenti kafin Ka san inda yake. Ka yalwata masa, Ka haskaka masa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da baƙin ManzonKa. Ka saka wa waɗanda suka riƙe shi yana baƙo da mafi alherin abin da Kake saka wa masu karamci. Ka ba iyalinsa haƙuri. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, a kwantar da mu kusa da shi, ko da ba wanda zai gane wurin sai Kai.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.