Duwatsun da Na Kwashe Daga Akwatin Kifin Malama Rabi'atu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Maharazu. Mai girma wakilin hakimi. Shugabar wannan makaranta, Hajiya Larai, da mataimakanta. Malamai maza da mata. Iyayen yara da suka baro gonakinsu da shagunansu daga Kiyawa da Yalwawa da ƙauyukan kewaye. 'Ya'yanmu ɗalibai mata, waɗanda dominku aka taru. Da sauran jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ranar buɗe wannan ɗakin gwaje-gwaje, ina kuma godiya ga hukumar makaranta da ta ba ni dama in ce wani abu. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Gwadabe, tsohon malamin dabbobi ne ni, ɗan makiyaya kuma jikan makiyaya. Mai ɗakina, marigayiya Malama Rabi'atu, ta koyar da ilimin halittu a nan shekara goma sha tara. Akwatin gilashin nan da kuke gani a ƙofar ɗakin, wanda na kawo wa makaranta, kifayen rawaya da ke cikinsa 'ya'yan kifayenta ne. Hajiya Larai ta ce in yi bayanin yadda ake kula da su, ni kuwa abin da na sani game da su ta hanyar ɓarna na koye shi, don haka ɓarnar zan faɗa muku.

Kifayen nan dangin karfasa ne, sai dai na ado ne, asalinsu wani babban tafki a ƙasar Malawi. Malama ta haɗa iri uku a akwati guda a falonmu: shuɗaye, da masu zane-zane, da rawaya guda biyu, mace da namiji, waɗanda ta fi ƙauna. Kyawawa ne, amma kada kyan ya ruɗe ku, masifaffu ne, kuma duk abin da ya shiga bakinsu abinci ne, ko da ɗan maƙwabci ne. Ana saura kwana kaɗan ta rasu ta ce da ni, "Malam, ka kula mini da rawayan nan, kada irinsu ya ƙare a gidan." Na amsa mata cikin sauƙi. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana kayar da bijimai yana yi musu allura, ina kifi mai tsawon ɗan yatsa zai ba shi wahala?

Abu na farko, duwatsu. Malama ta tara ƙananan duwatsu a cikin akwatin, tsibi guda, har sun cinye kusan rabinsa. Mu kuwa a gidanmu, tun ina ƙarami, mahaifina ba ya karya kumallo sai ya zaga garke ya ɗora ido a kan kowace saniya, domin a wurinmu dabbar da ba ka gani ba da safe ta ɓata ko ta kwanta ciwo. Da wannan idon na zo wa kifi. Kullum na duba, sai in tarar biyu ko uku sun shige cikin duwatsu, hankalina ya ƙi kwanciya. Ran nan na naɗe hannun riga na kwashe duwatsun nan tas, na zuba su a bayan ɗaki, na bar akwatin fili fetal kamar shararriyar tsakar gida. Na koma gefe ina yaba wa kaina tsafta.

Abu na biyu, uwa. Bayan 'yan makonni sai macen rawaya ta daina cin abinci, ƙasan haɓarta ya kumbura. Saniyar da ta bar kiwo maƙogwaronta ya kumbura, na san abin da ke damunta, amma wace allura zan yi wa kifi? Mako uku ina fargaba. Wata safiya na tarar da 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya suna yawo kewaye da ita, farin ciki ya kama ni. Ban gama murna ba, wani shuɗi ya matso, sai na ga ta buɗe baki tana zuƙe 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya. Raina ya ɓaci. A garke, uwar da ta juya wa ɗanta baya, raba su ake yi nan take. Na sa 'yar raga na kamo ta, a cikin kokawar ta tofar da su duka, na jefa ta a bokiti ina ta yi mata faɗa kamar tana ji. Na tafi sallar azahar da 'ya'ya goma sha shida a akwati, na dawo ban tarar da ko ɗaya ba. Babu uwa, babu dutse, ina za su shiga?

Da la'asar Malama Zulfa, wadda ɗalibar marigayiya ce kuma ita ta gaje ta a ajin nan, ta zo gaishe ni. Na ba ta labari ina neman ta taya ni tsine wa kifin da ke cikin bokiti. Cikin ladabi ta ce, "Baba, ai ba cinye su take yi ba, ɓoye su take yi. A bakinta take ƙyanƙyashe su, shi ya sa ta yi mako uku ba ta ci komai ba." Sai ta waiga ta dubi akwatin, ta tambaye ni ina duwatsun Malama. Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan rana ba, kuma bayan tafiyarta na yi kuka.

Abu na uku, haƙuri. Na mayar da uwar, na wanke duwatsun na mayar, na ƙaro wasu daga gindin tsaunin da ke bayan unguwarmu. Malama Zulfa ta nuna mini yadda ake jera su, a bar ramuka ƙanana waɗanda jariri zai shiga amma kan babba ba zai shiga ba. Ta sa na ɗaura soso a bakin bututun da ke tace ruwa don kada ya zuƙe su. Bayan wata biyu haɓar macen ta sake kumbura. A cikin makon nan wuta ta ɗauke kwana biyu ana tsakiyar zafin bazara, injin da ke hura wa ruwan iska ya tsaya, namijin rawaya ya mutu. Ku duba halin da na shiga: duk abin da ya rage na alkawarin da na yi wa Malama yana cikin bakin kifin da na taɓa jefawa a bokiti.

Ranar da ta sake su ban ma gani ba. Na dai ga haɓarta ta saɓe, ta fito tana cin abinci kamar wadda ta sha ruwan azumi, amma ɗa ko ɗaya ban hango ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ɗaga dutse in duba, wallahi sau uku ina naɗe hannun riga ina warwarewa. Sai dai in ciyar da manya su ƙoshi a gefe guda, in murtsuke abinci ya zama gari in zuba ta saman duwatsu, ba tare da na san ko akwai mai ci ba. Kwana goma sha ɗaya ina ciyar da abin da ban gani ba. A rana ta goma sha biyu, bayan na dawo daga sallar asuba, wani ɗan kai rawaya ya leƙo daga rami, ya ɗauki ƙwayar gari ya koma. Shida ne suka rayu, suka girma, su ne waɗannan da ke gabanku.

Saboda haka ina roƙon malamai, ina roƙon ɗalibai, ina roƙon duk wanda zai riƙa share ɗakin nan: kada wanda ya kwashe duwatsun nan da sunan tsafta. In kun ƙirga kun ga ba su cika ba, ku ba su lokaci. Yau da safe da muke sauke akwatin, na lura ɗaya daga cikin matan ta ƙi cin abinci, haɓarta kuma ta kumbura. 'Ya'yana, lafiyarta ƙalau, ku ƙyale ta, ku ƙirga mako uku.

Tsohuwar uwar kam, Hajiya, a yi mini afuwa, ba ta cikin kyautar. Tana gida a falo cikin tsohon akwatinta, a inda Malama ta ajiye ta, kuma ni da ita za mu ƙarasa zamanmu tare.

Allah ya jiƙan Malama Rabi'atu, ya sa abin da ta koyar a nan ya zama haske a kabarinta. Allah ya albarkaci wannan ɗaki da masu koyarwa a cikinsa, ya raya mana 'ya'yan nan, ya tsare su a inda idonmu yake kaiwa da inda ba ya kaiwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.