Babur Ɗin Ƙanƙara a Cikin Rairayi

Mai girma shugaban ƙungiya, Baba Aruna, Fastonmu da Malam Liman, iyayena mata, 'yan kwamitin sayen babur, 'yan'uwana na Najeriya da na Zangon Gana da kuka taso daga unguwannin Fereej Abdel Aziz da Al Mirqab a nan Doha, ina yi muku barka da yamma.

Sunana Nanret, ma'aikaciyar jinya, matar Elnathan mai tuƙa babur ɗin ƙungiya mai ƙafa huɗu, wanda ke kai mana ruwa da abinci sansani idan mun fita sahara zumunci. Na gode da aka ba ni dama, amma ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake.

Na farko, kun san abin da ya faru bara. Bel ɗin kulocin babur ɗin ya tsinke a bayan tudun rairayi, rana na tsaka, waya babu sabis. Elnathan ya tako da ƙafa har ya faɗi. A asibitin da nake aiki aka kawo shi, da hannuna na saka masa ƙarin ruwa, bai ma gane ni ba. Shi ya sa aka ce a sayi sabo, shi ya sa aka naɗa kwamiti.

Na biyu, me kwamiti ya yi? Ya rabu gida biyu. Mutanen Najeriya suka ce sai mai giya irin ta mota, wai ba ya tsinkewa. Mutanen Zango suka ce sai mai bel, wai ya fi sauƙin gyara. Na tambayi Yaya Alex na ɓangaren Najeriya dalilinsa, ya ce, "Ai mutanenmu duk can suka yi." Na tambayi Yaya Yussif na ɓangaren Zango, ya ce, "Sista, ni dai ina bayan Baba." Jama'a, kuloci ba shi da ƙasa, ba shi da fasfo! Da aka tashi gwaji kuma, ina aka je? Kwalta aka hau a unguwar Nu'aija, da la'asar, iska na kaɗawa, babu kaya. Aka zagaya, aka dawo, aka ce khalas, shi ke nan, duka biyun lafiya lau. To, a kwalta mijina ya faɗi?

Na uku, wannan shi ya ɗaga ni daga kujera. Don kada wani ɓangare ya ji an kayar da shi, sai kwamiti ya kawo na uku: babur ɗin ƙanƙara, irin na ƙasashen sanyi, mai ɗamara a ƙasa maimakon taya. An gan shi a waya yana gudu, aka ce abin da ya hau ƙanƙara ai rairayi wasa ne. Mai sayarwa da kansa ya gaya muku ƙanƙarar da babur ɗin yake watsawa a ƙarƙashinsa ce ke sanyaya injin, kuma kulocinsa ma na bel ne. Baba, da girmanka, a ina za mu samo masa ƙanƙara? A firjin Mama Adjara da ke zaune nan?

Kun sasanta junanku, kun manta da wanda zai hau. Elnathan ba zai yi magana ba, yana jin nauyinku, ga shi can ya sunkuyar da kai. Ni zan yi.

Roƙona ɗaya ne. Ranar Juma'a a ɗauki mai giya da mai bel, a loda musu jarkoki, a shiga rairayi da tsakar rana, a hau tudu a sauko har inji ya yi zafi. Kowane ɗan kwamiti ya zauna a baya, ya ji da jikinsa. Babur ɗin da ya jure, shi za a saya, ko na wane ɓangare ne. Idan kuwa kun fi son na ƙanƙara, ku saya, amma ku nemi direba a cikinku, a rubuta sunansa yau a gaban matarsa. Nawa mijin, da shi na zo Doha, da shi zan koma Pankshin.

Allah ya haɗa kanmu, ya ba shugabanninmu basira, ya kare duk wanda ya fita nema, ya mai da kowa gidansa da ƙafafunsa.

Na gode.