Jiran Abdulwahid a Tashar Agege

A tashar Agege, wata tsohuwa mai goro ta miƙa wa wani akawu wasiƙa.

"Ɗan nan, duba mini. Ɗana Abdulwahid ke tafe a jirgin Zariya. Tun yaye baffansa ya ɗauke shi, ina tsoron ya wuce ni ban gane shi ba."

"Abokinsa ne ya rubuto, Iya. Ya siffanta shi da wata kalmar Turanci, wai mai halin malaman makaranta."

"Wane irin hali?"

"Ko ruwa kika roƙa, sai ya koya miki haƙa rijiya."

Ta daɗe tana kallon layin dogo.

"Ubansa ke nan, Allah ya jiƙansa. Bari in zauna inda aka hana zama. Duk wanda ya sauko ya tsaya yi mini bayani, shi zan riƙe."