Nonon Maƙwabciya a Makka

Abdulkahar: Salamu alaikum. Dada? Kina ji na?

Dada: Wa alaikumus salam. Malam, kai ne? Ina wuni, ya Makka?

Abdulkahar: Lafiya lau. Ina gajiya? Ya mutanen Buji?

Dada: Suna gaishe ka. Tun hantsi na zo nan Takur gidan Ɗanladi mai waya, an ce surukina zai bugo. Ya ɗinki?

Abdulkahar: Mun gode Allah. Ya damina?

Dada: Wa? Amina?

Abdulkahar: Damina na ce!

Dada: Oho, ruwa ya yi gyara, gero har ya fara fitar da kai. Ya mai jikin? Ita yarinyar nan, wata bai kama ba?

Abdulkahar: Ai an sauka, Dada. Mace aka samu.

Dada: Alhamdu lillahi! Shi ne kake ta ja na da zancen damina? Tsaya, kukanta nake ji? Kai, wannan da murya take. To wace ce ke rarrashinta da Larabci?

Abdulkahar: Najwa ce, maƙwabciyarmu. Ita ke ba ta nono.

Dada: Ita ke ba ta me?

Abdulkahar: Nono.

Dada: Uwar fa? Nonon ne bai zo ba? A dama mata kunun kanwa mana.

Abdulkahar: Dada…

Dada: Malam, ba ni ita.

Abdulkahar: Sai haƙuri, Dada. Jini ne ya ƙi tsayawa. An yi mata salla a Harami. Na yi ta neman layi, ya ƙi shiga.

Dada: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi…

Abdulkahar: Da kalmar shahada ta cika. Halo? Dada?

Dada: Ina nan. Allah ya jiƙanta. Ka ba masu dawowa daga Umra jaririyar su kawo mini.

Abdulkahar: Ba za ta kai ba, ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Mun gwada madarar gwangwani, duk ta amayar. Najwa ta jiyo kukan ta bango, ta shigo ko takalmi babu, ta ɗauke ta. Tana goyon ɗa namiji, sai ta raba, shi dama, ita hagu.

Dada: Ina da akuya mai shayarwa. Ni ma in na sha maganin saiƙo nono zai zo, kakanni nawa suka yi.

Abdulkahar: Na faɗa wa Najwa za ki ce haka. Kuka ta saka. Ta ce tunda yarinya ta sha ta ƙoshi sau biyar, 'yarta ce, ƙanwar ɗanta ce, ko aure babu tsakaninsu. Mijinta ma ya yarda. Su a gidansu ba a yaye sai shekara biyu cif.

Dada: Shekara biyu! Malam, na rasa uwa, 'yar ma sai an hana ni? Wa ya ce zan kai?

Abdulkahar: In kin ce a kawo, zan kawo. Amma wallahi ina tsoron hanya.

Dada: Ita Balarabiyar, tana cin abinci kuwa? Goyon biyu ba wasa ba ne.

Abdulkahar: Hulba take sha da dabino, uwarta ke dafa mata.

Dada: Kukan ya tsaya.

Abdulkahar: Ta kama nono ne.

Dada: To bar ta. Bar ta ta sha. Ka ce wa matar nan wata tsohuwa a Buji ta gode, Allah ya shayar da ita ruwan Alkausara. Wane suna ka sa?

Abdulkahar: Sunan uwarta. Na san 'yar fari ce, ba kya faɗa, sai a sa mata lakabi. Dada, katin ya kusa…

Dada: A'a, bar lakabin. Kai wayar kusa da kunnenta.

Abdulkahar: Ga ta nan, yi magana.

Dada: Luba. Lubabatu, ni ce. Sha ki ƙoshi, kin ji? Luba… Halo? Malam? Ɗanladi, zo ka duba, abin nan ya yi shiru.