Kada Mu Kankare Sunanmu Daga Jikin Kwalba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Salama a gare ku, 'yan'uwanmu Kiristoci.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masu Amya ta gefen dajin Kamuku, Malam Sadisu. Wakilin mai girma dagaci, Allah ya ƙara wa dagaci lafiya. Malamanmu limamai da fastoci. Babanmu Malam Gabriel, wanda ya koya wa rabin mutanen ɗakin nan karatu, ya kuma zane kusan dukkansu. Iyayenmu mata da ke zaune ta wajen taga. Baƙonmu Mista Jeffrey, wanda ya taso tun daga Legas ya biyo hanyar da mutane da yawa suka daina bi. 'Yan'uwana matasa maza da mata, har da waɗanda suka rasa benci suke tsaye a bakin ƙofa: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu da ranmu, domin a garin nan taruwa da rai ba ƙaramin abu ba ne. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, duk da ya ja ni gefe ɗazu ya ce, "Usama, don Allah minti goma, kuma ban da zagi." Ranka ya daɗe, zagi dai na yi alkawari. Minti goman ne ban yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Usama, ɗan marigayi Nababa mai zuma. Ga wanda kuma ya shigo a makare, ga abin da ya tara mu. Kamfanin su Mista Jeffrey ya yarda zai ɗauke duk zumar da muka tace bana da baɗi. Sharaɗinsu ɗaya ne. Za a kwashe ta a durom zuwa Kwatano, a can a ɗura ta a kwalba, a manna mata takardar da ta ce zumar can ce. Babu Birnin Gwari a jiki, babu Najeriya. Ya faɗa mana dalili, kuma ban ƙaryata shi ba: masu saye a ƙasashen waje in suka ga sunan ƙasarmu, ko murfin ba sa buɗewa. Yau za mu ɗaga hannu, a yarda ko a ƙi. Ni na tashi ne in roƙe ku mu ƙi, kuma zan faɗi dalilaina bi da bi.

Na farko, ina so in tuna mana yadda sunan nan yake a da.

Manyanmu sun san lokacin da motocin Legas ba sa wuce tashar garin nan sai sun tsaya. Direba ya sauko, ya yi salla ko ya ci tuwo, ya cika galan biyu da zuma, ɗaya na gida, ɗaya na mai mota. Babana ya bi irin waɗannan motocin da zumarsa har Maraɗi, har Kwatanon da ake maganarta yau. Yakan ce min, "Usama, a can in ka ce zumar Najeriya ce, ba a ɗanɗanawa. Mai shago kujera yake fara miƙo maka kafin ya tambayi sunanka." Ya ce akwai masu zumar can da ke roƙonsa ya bar musu galan ɗinsa fanko, don kawai an rubuta Birnin Gwari a jiki da fenti. Jama'a, ku ji fa. A da su ke aron sunanmu. Yau mu ake kai wa aron nasu.

Ni ban ga tsakiyar wannan zamani ba, ƙarshensa na tarar. Amma ƙarshen ma ya ishe ni tunawa. Na tuna hantsin da muke shiga daji ni da babana, amya a kansa, igiya a kafaɗata. Na tuna Bakoji Bafulatani yana jiranmu a gindin ɗorawa da busasshen kashin shanu na turara amya, yana tsokanar babana: "Kaɗo, ka tsufa da hawan bishiya, ka bar wa birai aikinsu." Babana ya ce, "To ai shi ya sa na zo wajenka, hau." Na tuna ranar da muka ga sawun giwa a bakin rafi, na sa ƙafafuna biyu a ciki suka shige har da saura. Na tuna Turawa suna zuwa Kamuku da madubin hangen nesa, mu kuwa muna ɓoye muna dariya, wai mutum ya tsallako teku don ya kalli tsuntsun da muke kora daga gonar dawa. A lokacin babu mai tambayar wa ke cikin daji. Abin tsoro a daji maciji ne, sai kuma ƙudan zuma in ka zo masa da gaggawa.

Na kuma tuna safiyar makaranta. Malam Gabriel ya tsayar da mu layi, a ɗaga tuta, mu buɗe ƙirji muna rera taken ƙasa, wasunmu ko takalmi babu. In ka yi motsi, bulala. Wallahi mun yarda da abin da muke rerawa. Ya ce mana mu ne manyan gobe, muka yarda. Malam, ka gafarce ni, goben ta zo. Mun shiga mun duba, ba mu ga inda aka ajiye mana wurin zama ba.

Na biyu, wa ya zubar da sunan? Domin kada wani ya fita daga nan ya ce Usama ya zama ɗan kanzagin shugabanni.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka rufe makarantarmu, malamai suka gudu da ransu, kuma ban ga laifinsu ba. Sauran karatuna a akwatin littattafan Malam Gabriel na yi shi, da jaridun da ake naɗe tsire a ciki. Saboda haka na karanta jawaban shugabanninmu fiye da yadda su da kansu suka karanta, ko da yake nawa duk da mai da yaji a jiki. Kowane jawabi akwai matasa a ciki. Kowane jawabi akwai tsaro a ciki. Kowane jawabi an kusa, an ɗauki mataki, an kafa kwamiti. Mai neman ƙuri'a ya san hanyar Dogon Dawa, ya san hanyar Gwaska, ya san har sunan mai unguwa da sunan uwargidansa. Ranar da muke haƙa kaburbura a jere kuwa, sai aka ce hanya ba ta biyuwa. Ciwon kansu a ƙasar waje ake duba shi, 'ya'yansu a ƙasar waje suke karatu, sannan su dawo su hau mumbari su ce mu so ƙasarmu. Su suka zubar da sunan, mu ake tsayarwa a iyaka a zazzage mana jaka. Su suka ci, mu ake shinshina wa baki.

Ina da abokai a Agadas da Tamanrasat. Kowannensu in an tambaye shi, ɗan Nijar ne. Ban zarge su ba. Ni kaina na daina kunna rediyo ranar ɗaya ga Oktoba, kuma ba na jiran wani daga Abuja ya zo ya gyara min komai. Wannan jiran na gama shi.

Na uku, zan tona wa kaina asiri, don kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba.

Shekaru uku da suka wuce, lokacin da daji ya gagare mu shiga, na je Abuja neman aiki a wani shagon kayan gini. Mai shagon dattijo ne, ya dube ni ya ce, "Samari, daga ina?" Na san abin da ke biyo baya in na ce Birnin Gwari. Na sha gani: fuska ta canja, a matsar da waya, a ce a dawo gobe. Sai na ce, "Daga Zariya, Alhaji." Ya ce, "Madalla. Wace unguwa?" Na ce, "Tudun Wada." Ya gyara zama, ya ce, "Ikon Allah, unguwarmu. Gidan wa?" Jama'a, a duk faɗin Abuja, sai da na zaɓi shagon mutumin Tudun Wada. Na ƙirƙiro wani Malam, ya ce yana ina yanzu, na kashe Malamin nan take. Ya ce a wane masallaci aka yi masa salla, nan ƙarya ta ƙare. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Da ka faɗi gaskiya tun farko ma ba zan ɗauke ka ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na ba ka ruwa ka sha kafin ka tafi."

Kuna dariya, ni ma yanzu ina yi. Ranar ban yi ba. Na fito na tsaya a bakin titi, babu aiki, babu gari. Da safe ina da abu ɗaya, kafin azahar na rasa biyu.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyar maganata. Mista Jeffrey, wannan don kai ne, domin 'yan gari sun sani.

A sana'armu kowane mai amya yana da shaidarsa da yake yankawa da wuƙa a bakin amya. Ta babana zane uku ne da ɗigo. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, amma amyar da ke da shaida ba a taɓa ta, ko ta shekara goma a kan bishiya. Da aka samu ɗan sauƙi muka koma gefen daji bara, mun tarar da amyoyi da yawa sun ruɓe, wasu an ƙone, wasu kuwa suna nan cike, ƙuda na shiga na fita, masu su suna kabari. A ɗakin nan muka zauna, wani ya ce a kankare tsofaffin shaidu a raba amyoyin ga masu rai. Shugaba, kana nan. Mutum nawa suka yarda? Ko ɗaya. Muka ce shaidar mamaci ba a kankare ta, zumar ta iyalinsa ce. Ni na hau maɗacin da ke bayan rafi na sauke amyar marigayi Judah, wanda aka harbe a gonarsa, na ga ɗan gicciyen da ya yanka da hannunsa, muka kai wa matarsa Deborah zumar har gida. To mu da muka ƙi kankare shaidar mutum ɗaya da ya mutu, yau da wane hannu za mu kankare sunan gari guda da ke raye?

Na san amsar, domin an riga an ba ni ita. Jiya Deborah ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Usama, na ji gobe za ka yi mana dogon Turanci." Na ce, "Da Hausa zan yi, Maman Dinah." Ta ce, "Ko da Gwaranci ne. Kai ba ka da mata, ba ka da ɗa. Ni huɗu ya bar min. In baƙon nan ya tafi, sunan zan dafa musu?" Maman Dinah, ga ki can wajen taga, gaskiyarki ce. Duk wanda ya ɗaga hannu yau ya yarda da sharaɗin nan, ba maci amana ba ne, mai iyali ne. Ba zan zage shi ba, ba zan daina gaishe shi ba.

Amma ku duba abin da za mu saya da hannun namu. Bana a ce zumar Kwatano ce, ta yi daɗi, a yaba wa Kwatano. Baɗi ma haka. Ranar da kamfani ya samu wata zumar da ta fi kusa da teku, ya sallame mu, wa ya san mu? Mu da kanmu mun shekara biyu muna gina wa wasu suna da ƙudanmu. Kuma labarin da za a ci gaba da ji daga Birnin Gwari shi ne wanda ake ji yanzu, na bindiga da gawa, domin abu mai daɗi ɗaya da ke fita daga dajin nan mun sa masa rigar wani. Shugabanni sun ɓata sunan daga sama, ba da shawararmu ba. Wannan kuwa da shawararmu za a yi, da hannuwanmu a sama, sakatare yana ƙirgawa.

Saboda haka ga amsata ga Maman Dinah, kuma ina so a shaida. In taron nan ya ƙi sharaɗin, Mista Jeffrey ya tafi da motarsa fanko, ni Usama na ɗauki zumar gidaje biyar da muke sauke wa amyoyin mamatansu. Zan kai ta Kaduna, zan kai ta Funtuwa, zan tsaya a tasha da kwalba a hannu, da Birnin Gwari a rubuce ɓaro-ɓaro, in yi ta magana har a saya, ai kun san magana ba ta ƙare min. Ba zan buɗe durom ɗina ba sai nasu ya ƙare. In zuma za ta yi kwantai bana, tawa ce za ta yi. Shugaba, a rubuta da sunana, wakilin dagaci ya ji, limamai da fastoci sun ji. Duk saurayin da yake ganin bakinsa ya kai nawa, ya same ni a waje bayan an tashi, motar Kaduna tana da wuri.

Ina roƙon Allah ya jiƙan waɗanda muka binne, Musulminsu da Kiristansu, ya dawo da waɗanda ke hannun mutanen daji, ya raya marayunmu. Allah ya ba ƙasar nan shugabannin da za su ji kunya. Allah ya mayar da baƙonmu gida lafiya, ko da kaya ko babu. Allah ya sa hannun da kowa zai ɗaga yanzu, nawa da na wanda zai saɓa min, ya zama hannun da zai iya kai wa 'ya'yansa abinci da shi ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Shugaba, na wuce minti goma. A kira ƙuri'a.

Na gode.