Ciwon Kan da Ya Ɗauke Maigidana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Rabi, ina sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar.

Maigidana direba ne, ya daɗe yana ramewa. Satin da sojoji suka yi bore ciwon kai ya kama shi, wuyansa ya sandare. Na ɗauka zazzaɓin sauro ne, na yi ta ba shi kinin. Kwana tara ana harbi, ba mu samu fita ba.

Da muka isa asibiti likita ya auna shi, ya ce, "Madam, Sida, wato ƙanjamau, ta karya garkuwar jikinsa, shi ya sa wata cuta dangin funfuna ta shiga har ƙwaƙwalwarsa. Maganinta ma ya yanke a garin nan."

Ranar Juma'a ya rasu bai gane ni ba. Ina riƙe da hannunsa yake ce min, "Baiwar Allah, kira min Rabi."

Tun da labarin ya bazu maƙwabta suka ɗauke ƙafa, alhali likita ya ce ba a ɗaukar ciwon ta gaisuwa ko cin abinci tare. Ni kaɗai nake takaba.

Jama'a, in marar lafiyarku ya kamu da irin wannan ciwon kai, kada ku jira. Ni ma an ce in je a auna jinina, amma tsoro nake ji. Ku ba ni shawara.

Ina gaida yayata Asabe a unguwar Yakite. Yaya, ki zo, ko a bakin ƙofa ne ki tsaya mu gaisa.