Sirrin Kafintocin Techiman

A tashar Kumasi, cikin motar Accra mai jiran cika, wata dattijuwa 'yar fataucin tumatir ta taɓa kafaɗar wata budurwa mai suna Afrakoma.

"Bar mini bakin taga, 'yata, ni kuma in raba miki gardama da takardar nan da kike ta harara."

Afrakoma ta matsa mata. "Fom ɗin digiri na biyu ne, Maame, na lissafin hada-hadar kuɗi. Yau ake rufe karɓar fom. Wanda ake yin bincike nake so, amma ban san abin da zan bincika ba."

"Binciken me ake yi?"

"Yadda za a hango farashi kafin ya motsa."

Dattijuwa ta kwashe da dariya. "Wannan ne har da zuwa makaranta? Ni tumatir bai taɓa kayar da ni ba."

"Sa'a ce kawai, Maame."

"Sa'ar gidanku! Kafintocin Techiman nake buga wa waya. In suna ta ƙera akwatunan tumatir har ba su da lokacin gaisuwa, nan da mako uku tumatir zai cika kasuwa, farashi ya zube. In kuwa suna zaune suna dara, sai in saye gona tun tumatir ɗin yana ɗanye. Ko ƙanwata ban taɓa faɗa wa ba."

Afrakoma ta zaro biro. "Kafintoci nawa ne?"

"Me kike rubutawa?"

"Abin da zan bincika."

"Wa zai karanta?"

"Kowa ma, Maame. Bugawa ake yi."

Dattijuwa ta dafe kai.

Afrakoma ta cike fom ɗinta tun mota ba ta tashi ba. Maame kuwa, sirrinta na shekara ashirin ya salwanta a gardamar minti biyar.